Ziyarar Dalolin Masar da Tsohuwar Alƙahira: Masauki Shi Ne Rabin Tafiya

Duk wanda ya taɓa raka mara lafiya Masar ya san yadda kwanakin ƙarshe suke. Likita ya sallame ku, an sayi magunguna, an gama tsaraba, amma jirgin komawa Kano ko Abuja sai nan da kwana huɗu ko biyar. A nan ne wani zai ce, "To, mun zo har Alƙahira, sai mu koma ba mu ga dala ba?" Sai a tashi da hantsi, a tari mota, a kama hanya. Haka muka yi ni da mahaifiyata, kuma saura ƙiris yawon awa biyu ya mayar da mu asibitin da muka baro.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na haura shekara goma a kan aikin. Na raka Hajiya aikin ido, ga shi tana fama da ciwon suga da hawan jini. Mun kama gidan haya a Madinat Nasr saboda araha, kuma akwai ɗaliban ƙasarmu da yawa a unguwar. Abin da ban lissafa ba shi ne Madinat Nasr tana gabashin birni, daloli kuwa suna can yamma da kogin Nilu, a bakin hamada. Tsakaninsu akwai birni mai mutum fiye da miliyan 20 da cunkoson motocinsa. Mun fita ƙarfe goma na safe a watan Yuni, ba mu isa ba sai da rana ta take tsaka. Hajiya ta sha maganin suga da safe, ba ta ci wani abin kirki ba. Ba mu yi minti ashirin a kan rairayi ba sai na ji ta damƙe hannuna, gumi na karyo mata, tana cewa ƙasa na juyawa. Na zaunar da ita a inuwar wani dutse, na gwada sukarin jininta, ya faɗi. Dabino uku da lemon kwali ne suka cece mu.

Da ta dawo hayyacinta sai ta dube ni ta ce, "Ke da ake ce wa nas, haka kike yi wa marasa lafiyarki?" Ban da amsa. A ranar ta koma gida ba ta ga komai ba sai takalmanta.

Laifin ba na dala ba ne, ba kuma na rana kaɗai ba. Laifin na masauki ne da lokacin fita. Wannan ne abin da nake so ku riƙe, ko jinya ta kai ku, ko karatu, ko hutu da iyali: a Alƙahira, inda kuka kwana shi ke yanke hukuncin abin da za ku gani da kuma halin da za ku gan shi.

Wuraren tarihi na duniya

Tun 1972 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya take da yarjejeniyar kare wuraren da ake ganin gado ne na dukan 'yan Adam. Yanzu sun haura 1,200. Najeriya tana da biyu: Sukur a Adamawa da aka sa a 1999, da kurmin Osun-Osogbo a 2005. A Nijar, tsohon garin Agadas ya shiga jerin a 2013. Masar tana da bakwai, kuma biyu daga ciki ba sai kun bar yankin Alƙahira ba: filin daloli daga Giza zuwa Dahshur, da tsohon birnin Musulunci na Alƙahira. Duka biyun an sa su a 1979. Suna ɓangarori biyu na gari, don haka masauki ɗaya ba zai kusantar da ku ga dukansu ba.

Abin da za ku gani a Giza

Mu da muka tashi muna jin labarin dalar gyaɗa ta Kano, siffar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Girman ne baƙo. Babbar dala ta Sarki Khufu ta kai shekara 4,500. Tsayinta na asali kusan mita 146 ne, yanzu ya ragu zuwa wajen 138 saboda ƙololuwarta da duwatsun da suka lulluɓe ta sun zube ko an kwashe. Kowane gefe na gindinta mita 230 ne. An ƙiyasta duwatsun da aka jera sun kai miliyan 2.3, kuma ta shafe kusan shekara 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya fi ta tsayi. Kusa da ita akwai ta ɗansa Khafre, wadda har yanzu akwai ragowar farin dutse a samanta, sai ƙaramar cikinsu ta Menkaure. Daga ƙasa kuma ga gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa ke kira Abul Haul, tsawonsa mita 73, tsayinsa wajen 20.

Tambayar da Hajiya ta fara yi ita ce ko wannan ne kabarin Fir'aunan Annabi Musa. A'a. Masana ba su yi ittifaƙi a kan wane sarki ne wancan Fir'auna ba, amma Ramsis na Biyu, wanda aka fi ambata, ya zo ne fiye da shekara 1,000 bayan an gina dalolin. Gawarsa tana gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021.

Wani abin da ya taɓa ni a matsayina na mai jinya: a 1990 an gano maƙabartar ma'aikatan da suka yi ginin, kusa da dalolin. A ƙasusuwansu an ga karayar da aka ɗora ta warke daidai. Ke nan tun wancan zamani akwai masu ɗori da masu jinya a bakin aiki.

Ana shiga cikin babbar dala da tikiti na daban, amma ku saurare ni da kyau. Hanyar matsattsiya ce, a sunkuye ake hawa wani ɓangarenta, babu iska, ga zafi. A ƙarshe ɗaki ne na dutse da akwatin gawa wanda babu komai a ciki, babu zane ko ado a bango. Mai ciwon gwiwa ko baya, mai asma, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba, ku tsaya a waje. Ba ku rasa komai ba, kyan dala daga waje yake. Hawa jikinta kuma haramun ne a dokar ƙasar.

Kusan kilomita biyu daga nan akwai sabon babban gidan tarihi na Masar, wanda aka buɗe a hukumance a Nuwamban 2025, inda aka tara kayan Sarki Tutankhamun sama da 5,000. Akwai sanyin na'ura da wuraren zama, don haka shi ya dace da tsakar rana. Mai sauran ƙarfi da kwana kuma ya nufi Saƙƙara, kudu da Giza, ya ga dala mai hawa shida ta Sarki Djoser wadda ta girmi na Giza, da Dahshur inda mahaifin Khufu, Sneferu, ya gina tanƙwararriyar dala da jar dala. Can babu cunkoson jama'a kamar Giza.

Inda za ku sauka kusa da daloli

Washegarin abin da ya faru na tattara 'yar jaka muka koma wani ƙaramin masauki a Nazlat Samman, unguwar da ke manne da filin daloli ta ɓangaren Abul Haul. Gidaje ne na iyali da aka mayar masaukin baƙi, yawancinsu da wurin zama a saman soro mai kallon dalolin kai tsaye. Kuɗinsu bai kai na manyan otal-otal ba. Bayan sallar Asuba na riƙe hannun Hajiya muka fita saman bene. Gari na wayewa, hasken farko ya sauka a kan duwatsun. Wannan ne abu mai nisa na farko da ta gani tar da idon da aka yi wa aiki. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sai tasbihi. Da aka buɗe ƙofa muka shiga da sanyin safiya, kafin ƙarfe goma mun dawo ɗaki.

Amma kada in yaudare ku, unguwar tana da nata. Lungunan akwai ƙura, akwai dawaki da raƙuma da warinsu, akwai masu talla da ba sa jin "a'a" sau ɗaya. Gidaje da yawa ba su da lif, ga shi karin kumallo a hawa na huɗu ko na biyar ake ci. Manyan asibitoci kuma ba a bakin ƙofa suke ba. Saboda haka kwana ɗaya ko biyu sun isa. Mai hali yana iya sauka a Mena House, tsohon otal da ke gindin babbar dala tun ƙarshen ƙarni na 19, ko ɗaya daga manyan otal-otal na kewayen, inda akwai lif da lambu da natsuwa.

Tun 2025 an sauya tsarin shiga filin: babbar ƙofar baƙi ta koma kan hanyar Fayyum, kuma motocin bas ne ke zagayawa da mutane a ciki. Don haka kafin ku biya kuɗin ɗaki, ku tambayi mai masaukin ta wace ƙofa baƙinsa ke shiga, da minti nawa ne zuwa can. "Ana hango dala daga taga" daban, "kusa da ƙofa" daban.

Tsohuwar Alƙahira, wadda muka fi dangantaka da ita

Da yawanmu kan tsaya a dala su koma, alhali wurin da zai fi shiga ran Bahaushe yana ɗaya ɓangaren kogi. Faɗimiyyawa ne suka kafa Alƙahira a 969, suka fara gina masallacin Azhar a 970. Kakanninmu sun san wannan wuri: a Azhar akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗalibai daga Borno, kuma ayarin alhazan ƙasashenmu kan ya da zango a birnin. Imam Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga mawallafan Tafsirin Jalalaini da malamanmu ke karantawa kowane azumi, a Alƙahira ya rayu ya rasu a 1505, kuma ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Daga Azhar, tsallaka titi kawai za ku yi zuwa masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili wadda ta samo asali tun ƙarni na 14. Bayanta ga titin Mu'izz, mai tsawon kusan kilomita ɗaya daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila, masallatai da makarantu da tsofaffin gidaje jere da juna. A nan ne ginin Sarki Ƙalawun yake, wanda aka yi a 1284 zuwa 1285, ya haɗa makaranta da hubbare da asibiti. A asibitin ana duba marasa lafiya kyauta daga dukiyar waƙafi, kuma har yau akwai asibitin ido a wani sashe na filin. Na tsaya a wurin da mahaifiyata mai sabon ido, na tuna cewa fiye da shekara 700 ke nan ana kawo idanu wannan gari neman magani.

Kudu kaɗan akwai masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879, mai faffaɗan tsakar gida da hasumiya wadda matakalarta ke naɗe da ita ta waje. Ga masallacin Sultan Hasan da aka fara a 1356, ga ganuwar Salahuddin a kan tudu wadda aka fara a 1176, da masallacin Muhammad Ali na ƙarni na 19 a cikinta. A Fusɗaɗ kuma akwai masallacin Amru bn Al-As, na farko a ƙasar Masar, kusa da tsofaffin majami'un Ƙibɗawa. Hubbaren Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 820, shi ma yana kudancin birnin.

Kada ku ce sai kun gama su a yini ɗaya. Da tsoho ko yara, wuri biyu sun isa: ɗaya da safe, ɗaya bayan La'asar. Lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005, wuri ne mai kyau na hutawa, daga kan tudunsa ana hango hasumiyoyin tsohon birni gaba ɗaya.

Masauki a wannan ɓangare

Akwai ƙananan otal-otal a kewayen Husaini. Amfaninsu shi ne da ƙafa za ku je Azhar sallar Asuba. Matsalarsu hayaniya, domin kasuwar ba ta barci da wuri, kuma mota ba ta shiga kowane lungu. Mara lafiyar da ke buƙatar barci zai wahala.

Tsakiyar gari, wato Wusɗul Balad a kewayen dandalin Tahrir, ita ce tsaka-tsaki: tafiyar mota kaɗan ce zuwa Azhar, akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa mai taragon mata zalla, akwai masauki na kowane aljihu. Sai dai wasu otal ɗin hawa ɗaya ne kawai a cikin tsohon bene, lif ɗinsu ya girmi iyayenmu. Zamalek, tsibiri a tsakiyar Nilu, ta fi natsuwa da itatuwa, ta kuma fi tsada. Duƙƙi da Muhandisin suna da asibitoci masu zaman kansu da gidajen haya masu kayan ɗaki, kuma suna tsakanin daloli da tsohon birni. Idan jinya ce ta kawo ku kuma ba ku son sauya masauki, nan ya fi. Madinat Nasr da Masr Jadida sun fi kusa da filin jirgi, sun dace da daren ƙarshe.

Idan da zan sake tsara kwanakinmu biyar, da na yi ɗaya a Giza, uku a tsakiyar gari, na ƙarshe kusa da filin jirgi. Ɗaukar jaka sau biyu ya fi sauƙi a kan awa huɗu kullum cikin cunkoso da tsohuwa a mota. Ku kuma tuna hutun mako a Masar Juma'a da Asabar ne. Safiyar Juma'a hanyoyi fayau suke, sai dai wuraren ziyara kan cika da 'yan gari bayan an sauko daga masallaci.

Ku tambaya kafin ku biya

Hoto a intanet ba ya nuna matakala. Ku aika saƙo ku tambaya: ɗakin a hawa na nawa yake, kuma lif yana kaiwa har can? Akwai firij a ɗaki? Mai allurar insulin ba zai yi wasa da wannan ba, domin zafi na lalata ta. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki? Banɗakin na cikin ɗaki ne, kuma kwamin wanka ne da sai an ɗaga ƙafa an shiga? A nan tsofaffi suka fi faɗuwa. Mota tana isowa bakin ƙofa? Ina kantin magani mafi kusa? Wanda ya ƙi amsa waɗannan kai tsaye, ku nemi wani. Araha ba ta ado.

Shawarar mai jinya

Lokacin tafiya mafi daɗi daga Oktoba ne zuwa Maris. A Disamba da Janairu dare kan yi sanyi har ƙasa da digiri 10, ku riƙe rigar sanyi. Daga Maris zuwa Mayu akan yi iskar ƙura mai zafi da ake kira khamsin, mai asma da mai sabon aikin ido su kiyaye. Daga Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 35, kuma a filin daloli inuwa ba ta da yawa.

Kada ku ce mu 'yan ƙasar rana ne. A gida da tsakar rana muna ƙarƙashin rumfa, ba a kan rairayi ba. Yawan gumi, jiri, ciwon kai, tashin zuciya da bugun zuciya da sauri alamun galabaita ne: a koma inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki, a sha ruwan gishiri da sukari. Idan babu na leda, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan mutum ya ruɗe, yana magana ba kan gado, ko ya suma, wannan gaggawa ce, a kira motar asibiti a lamba 123, a ci gaba da sanyaya jikinsa, kada a ɗura masa komai a baki.

Mai ciwon suga ya ci abinci kafin fita, ya riƙe na'urar gwaji da dabino. Idan gwaji ya nuna ƙasa da 70, a ba shi abu mai zaƙi, a sake gwadawa bayan minti 15. Ya kuma yi hattara da koshari, domin shinkafa ce da taliya, da ruwan rake da shayinsu mai sukari. "Min gair sukkar" ita ce kalmar da za ku riƙe.

Ku zo da katin rigakafin shawara, ana buƙatarsa daga masu zuwa daga ƙasashenmu. Kowane magani ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Masar tana da tsanani a kan magunguna irin su tramadol, mutum na iya shiga hannun hukuma a kansu, don haka kada ku karɓi saƙon magani daga kowa. Soket ɗinsu mai baki biyu ne zagayayye, ku riƙe adafta. Manyan wuraren ziyara da kati ake sayen tikitinsu, ku tabbatar naku yana aiki a waje. Ruwan gora za ku sha. Mai raƙumi ko doki kuwa, a gama ciniki kafin a hau, har da kuɗin saukowa. Idan ba ku so, "La, shukran" da ci gaba da tafiya sun wadatar.

A yininmu na ƙarshe na kai Hajiya masallacin Sultan Hasan da safe, daga masaukin da bai fi minti ashirin ba. Ta ci abinci, ta huta, ruwa na jakata. Muka zauna a kan darduma a sanyin ginin. Ta ɗaga kai tana bin rubutun Kufi da ya zagaye bangon wajen alƙibla, tana nunawa da yatsa a hankali. Can ta ce, "Ke, wannan ai ya yi kama da rubutun allonmu." Shekara biyu ba ta iya karanta Alƙur'aninta sai da taimakon jikoki, ga ta tana harhaɗa baƙaƙe daga nesa. Ban katse ta ba. Babu inda muke sauri.

Wanda ya taɓa zuwa, ya gaya mana unguwar da ya sauka da yadda ya same ta, ko wani zai amfana. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai matafiya ya dawo da su gida lami lafiya.